Gini da Gyara: Wurin wanka a bene, daga azara ake farawa

Ƴan kasuwa da ma'aikata da dama a Maradi da Damagaram suna sha'awar wurin wanka a saman bene. Sai dai idon maigida yakan tsaya kan karo da famfo, ya manta da azarar da za ta ɗauke su.

Daɓen siminti mai kaurin santimita 5 ya zarce kilo 100 a kowace mita murabba'i, ban da karo da ruwa da mai wankan. Saboda haka, kafin a kwaɓa komi, magini ya buɗe ƙasa ya soki kowace azara da ƙusa. Wadda ta ruɓe a sauya ta. Giginyar Gaya tana gagarar gara, amma laima ta yau da gobe ba ta barin itace.

Sa'an nan a auna da tiyo mai ruwa, a gano azarar da ta fi tudu, a ja igiya daga kanta. Wadda ta lotsa a ƙara mata wata a gefe, a haɗe su tam. Kada a sassaƙe azara don bututu ya wuce, gama nan take karyewa.

Azara a daidaita ta. Gangara kuwa a daɓe ake fitar da ita, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa magudana. A shafe daɓen da kwalta kafin karo, a toshe magudana, ruwa ya kwana. In ɗakin ƙasa ya wayi gari a bushe, maigida ya cika wa magini kuɗinsa.