Manomi Da Kulocin Motarsa

Kaka ta wuce, an gama sussuka, motocin a-kori-kura da suka yi ta jigilar masara da dawa zuwa kasuwa sun fara nuna gajiya. Ciwon da ya fi kama su kuwa shi ne na kuloci. Direba ya taka totur, inji ya yi ta ruri, amma mota ba ta ƙara sauri, sai wani ƙauri da ke tasowa daga ƙarƙashi. Mai son tabbatarwa sai ya ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ya saki kuloci sannu sannu. In inji ya mutu nan take, da sauran lafiya. In ya ci gaba da bugawa, to, faifan kuloci ya cinye.

Waɗansu suna cewa wannan aikin makaniki ne, bai kamata manomi ya sa hannu ba. Maganarsu ba ta tsaya ba. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, waɗanda kamfaninsu ya buɗe ma'aikatar haɗa motoci a Kaduna a 1975, ba su da wani ɓoyayyen sirri. Wahalar aikin duka a sauke giyabos take, da mayar da shi. Manomin da ya iya kwance injin ban ruwa ya mayar, lalle zai iya wannan, muddin yana da sufanu masu kyau da mataimaki mai ƙarfi. Ga shi kuwa wanda ke ƙauye mai nisa, kafin a jawo motarsa zuwa gari kuɗin ja ma abin dubawa ne. Amma fa da sharaɗi, don rowa da gaggawa su ke ɓata wannan aiki.

A bayan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi, shi ne fulawul. Faifan kuloci yana tsakaninsa da wani murfi mai sifirin wanda ke danne shi. In an taka kuloci, wani boris ya kan tura sifirin, faifai ya saku, inji ya rabu da giya. Watau abu uku ne ke aiki tare: faifai, da murfi, da boris. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi faifai kaɗai a bar sauran. Murfin da ya sha zafi sifirinsa ya yi sanyi, ba zai danne sabon faifai sosai ba, sai ya cinye shi da wuri. Boris ɗin kuwa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ran da ya fara kuka sai an sāke sauke giyabos dominsa. Arha ba ta ado. A sauya ukun gaba ɗaya.

Sa'an nan a dubi fuskar fulawul da kyau. In ta yi shuɗi shuɗi, ko ta yi zane, ko ƙananan tsage, sabon faifai ba zai kwanta a kanta daidai ba, mota za ta riƙa karkarwa in za ta tashi. A nan ne iyakar gida take. Sai a kwance shi a kai wa masu injin feƙe ƙarfe su daidaita fuskar, in kuwa tsagar ta yi zurfi a sayi wani. Goge shi da takardar yashi a tsakar gida ruɗin kai ne. A duba haƙoran da ke gefensa, waɗanda kik ke kamawa. A duba kuma robar da ke tare baƙin mai a bayansa, don ɗigon mai kaɗan ya isa ya kashe sabon faifai.

Sababbin motoci da yawa, musamman masu shan gas, suna da wani irin fulawul mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda aka fara sa wa motoci a 1985. Shi ba a feƙe shi, sai dai a sauya, ga tsada. Mai irin wannan mota gara ya nemi gwani.

Wajen mayarwa, dole faifai ya zauna a tsakiya cif, in ba haka ba sandar giyabos ba za ta shiga ba ko an kwana ana turawa. Tsohuwar sandar giyabos ta kan yi wannan aiki. Notuna kuwa a ɗaure su kaɗan kaɗan, wannan da kishiyarsa, kada a gama da ɗaya a tafi na kusa da shi.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne rai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko tubalin ƙasa, ko bulo. A sa gumagumai masu kauri a ƙasa mai tauri, a tokare ƙafafu, a cire wayar batir. Ƙurar tsohon faifai kuma kada a hura ta da baki, don waɗansu an yi su da asbestos, mai lahanta huhu. A share da jiƙaƙƙen tsumma.

Tarakta ita daban ce. Irin su Massey Ferguson 135, wadda ta fito a 1964, sai an raba ta biyu, inji gefe, giya gefe, kafin a kai ga kuloci. In ba a cusa katako an tokare gaban ba, inji ya kan kife gefe guda, ya danne wanda ke kusa. Wannan ba aikin mutum biyu da jak ba ne, sai da makanikin da ya saba.

Lokacin yin duk wannan kuwa shi ne yanzu da rani, ƙasa a bushe, ba mai jiran mota. Wanda ya bari sai ruwan shuka ya sauka, ranar da za a ɗauko taki ita ce ranar da motarsa za ta kwana a kan gungume.