Wasiƙa a Buɗe ga Masu Binciken Dabbobi a Abuja da Kewaye

Zuwa ga malaman jami'a, likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakunan gwaji na Babban Birnin Tarayya.

Wannan wasiƙa ta shafi ma'aunin da ake auna darajar mai bincike da shi a yau, da irin tarayyar da yake ƙullawa da abokan aiki na gida da na waje. A kwamitocin ƙarin girma an fi duba yawan maƙalun da malami ya wallafa da yawan ambaton da suka samu a rubuce-rubucen wasu, abin da ake tattarawa cikin ma'aunin h, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005: idan na malami ya kai 20, ana nufin yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20. Ma'aunin yana da amfaninsa, domin yana tona asirin malalaci, sai dai bai san ko garke ɗaya ya tsira saboda aikin ba, kuma yana tauye wanda ya duƙufa kan cuta irin kirci, ciwon fatar shanu da ke addabar makiyayi da damina amma bai dami mujallun Turai ba.

Abin da ya faru a Fabrairun 2006 ya isa darasi. A wannan watan aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, bayan da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta aika samfura zuwa wani ɗakin gwaji a Padova ta ƙasar Italiya. Shugabar ɗakin, Ilaria Capua, ta ƙi ajiye jerin ƙwayoyin gadon cutar, wato tsarin halittar da ake gane asalinta da sauye-sauyenta da shi, a rumbun bayanai na kulle wanda ɗakunan gwaji ƙalilan ke iya shiga, ta saka shi a GenBank inda kowa zai gani. An yaba mata, kuma ta cancanci yabon. Amma da ma'aikatan gida ba su isa gonar ba, ba su ɗebi samfurin yadda ya kamata ba, ba su kai shi da sanyinsa ba, da babu abin da za a karanta a Padova, kuma sau da yawa a irin wannan aiki sunan mai ɗebo samfuri a sahun godiya yake ƙarewa, idan ma an tuna da shi.

Saboda haka ya wajaba mai bincike ya kammala magana kafin samfuri ya bar hannunsa, a rubuce: wa zai mallaki bayanan, a wane matsayi sunan kowa zai zo a maƙala, wane ɗalibi za a horar, kuma wane ɓangare na gwajin za a yi a gida. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta tanadi raba amfanin albarkatun halitta tsakanin mai su da mai amfani da su, tana ƙarfafa masa gwiwa a wannan ciniki. Kunya ba ta da gurbi a nan, domin wanda bai yi sharaɗi tun farko ba ba shi da bakin ƙorafi daga baya.

Tarihin bushiya, annobar da ta sha share garkunan arewa, ya nuna ɗaya gefen tarayyar, wato amfanin haɗin gwiwa da illar sakaci. Gangamin rigakafi na haɗin gwiwa ya fara a 1962 tsakanin Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi, cutar ta lafa, aka yi sakaci da allurar maruƙa da sa ido, sai ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980, ba a ayyana kawar da ita daga duniya ba sai 2011.

Abokan aiki mafi kusa kuwa su ne aka fi mantawa da su. Dillalin kara a Dei-Dei da mahauci a mayankar Karu suna ganin huhu da hantar dabbobi fiye da yadda kowane ɗakin gwaji zai gani, kuma makiyayi ya san sammore da tsandon da ke kawo shi tun kafin a rubuta musu sunan Latin. Ciwon saifa, wanda ke kama mutum ta hanyar nama ko fata, ya ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023, a bakin ƙofar Abuja, kuma irin wannan labari kullum daga bakin mai dabba yake farawa. Wanda ya ɗebi jinin shanun ruga bai koma ya faɗi sakamako ba ya toshe hanya ga mai zuwa bayansa.

Tun daga 2024 akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a Abuja, kusa da masu bincike na Gwagwalada, don haka uzurin nisa da masu tsara manufa ya kau. Ana roƙon kowane mai bincike da ya kammala aiki ya miƙa wa ma'aikatar taƙaitaccen bayaninsa, sa'annan ya koma rugar da ya ɗebi samfuri ya bayyana sakamakon da Hausa ko Fulfulde.

Wassalam.