SHARHI: Yawon Buɗe Ido Cikin Ayarin Abokai: Wa Ke Ɗaukar Asara Idan Tafiya Ta Watse?

Da zarar hutun ƙarshen shekara ko na Sallah ya ƙarato, shafukan Instagram da zaurukan WhatsApp kan cika da tallan kamfanonin shirya tafiye-tafiye: kwana biyar a Dubai, mako guda a Alƙahira, kwana huɗu a Kigali ko tsibirin Zanzibar. Farashin dunƙulalle ne, ya haɗa tikitin jirgi, ɗakin otal, motar zirga-zirga da ɗan jagoran da zai zaga da baƙi. Masu saye kuwa galibi mutane ne da suka san juna, irin tsoffin 'yan aji ɗaya, ma'aikatan ofis ɗaya, ko matan da suka shekara suna zubin adashi domin wannan rana.

Ba a banza wannan tsari ya samu karɓuwa ba. Kamfanin da ya kama ɗakuna goma a lokaci guda yana samun rangwamen da mutum ɗaya ba zai samu ba. Wanda bai taɓa fita waje ba yana samun natsuwa idan yana tare da idon sani, ga kuma jagoran da ya san harshen gari da hanyoyinsa. Iyaye da mazaje da dama sun fi sakin jiki su bar 'ya'ya ko mata su bi ayari da a ce su tafi su kaɗai.

Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba kafin a tura kuɗi: idan tafiyar ta watse, wa zai ɗauki asara? Abubuwan da suka faru daga 2022 zuwa yau sun nuna cewa a Najeriya kusan kullum matafiyin ne ke ɗauka, sannan abokin da ya tattara kuɗin.

Canjin kuɗi

Kamfani na karɓar Naira a hannun matafiyi, amma otal da jagora a can waje Dala ko Yuro suke jira. Kafin watan Yunin 2023, Dala ɗaya na kusan Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa ragamar farashi, ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Ayarin da ya fara biya kashi-kashi a kan tsohon lissafi ya wayi gari ana neman ciko mai nauyi a wurinsa. Wanda ya kasa cikawa kuma sai a ce masa kuɗin kafin alƙalamin da ya bayar ba ya dawowa.

Sauran kuɗaɗen da ke kewaye da tafiyar ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Fasfo mai shafi 32 ya koma Naira 50,000 a Satumban 2024, ya sake ninkawa zuwa Naira 100,000 a Satumban 2025. Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar Dala 44 tun daga Oktoban 2024. Irin waɗannan ƙananan caji ba safai suke fitowa a takardar talla ba, sai mutum ya tsunduma yake cin karo da su.

Biza ba ta hannun kamfani

Babu kamfanin da ke da ikon bayar da biza, komai daɗin bakin mai talla. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, kuma a cikin watan ne kamfanin Emirates ya dakatar da jigila zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a ƙasar. Sai a ranar 15 ga Yulin 2024 Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya sanar da cewa an dawo da bayar da bizar, Emirates kuma ya koma sauka Legas a ranar 1 ga Oktoban wannan shekarar. Kusan shekara biyu ke nan ƙofar birnin da 'yan Najeriya suka fi tururuwar zuwa hutu da sayayya tana rufe, kuma an rufe ta ba tare da wani dogon gargaɗi ba.

A ɓangaren Turai, kuɗin neman bizar Schengen ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. A nan ne tafiyar ayari ke da wani lahani nata na daban. Ofishin jakadanci na duba kowane mutum shi kaɗai. Cikin abokai takwas ana iya ba shida a hana biyu, alhali an yanke farashin ne bisa mutum takwas. Ko dai waɗanda suka samu su cike giɓin, ko waɗanda aka hana su tashi a tutar babu. Haka nan idan mutum ɗaya ya sulale ya ƙi dawowa bayan wa'adin bizarsa, ya shafa wa kamfanin da sauran masu neman biza daga ƙasarsa kashin kaji.

Wannan ne ya sa hankalin masu shirya tafiya ya fara karkata zuwa cikin Afirka. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana ko Senegal saboda yarjejeniyar ECOWAS, Ruwanda kuma ta sanar a Nuwamban 2023 cewa ta buɗe ƙofarta ga duk ɗan Afirka. Hatsarin biza ya ragu a waɗannan hanyoyi, amma tsadar tikiti tsakanin biranen nahiyar na nan daram.

Idan kamfani ya durƙushe

Hatsari mafi muni shi ne kamfanin da aka ba kuɗi ya karye, ko kuma ya kasance tun asali ba kamfani ba ne, shafin Instagram ne kawai da lambar asusun banki. Girman suna ma ba ya hana faɗuwa. Thomas Cook, kamfanin Ingila da ake dangantawa da ƙirƙiro wannan salon tafiya tun ƙarni na 19, ya rushe a Satumban 2019 bayan shekara 178, lokacin da 'yan Birtaniya kimanin 150,000 ke hutu a ƙasashen waje ta hannunsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ce ta yi hayar jirage ta kwaso su, aka kuma mayar da kuɗi ga waɗanda suka biya ba su kai ga tafiya ba. Hakan ya yiwu ne saboda tsarin ATOL da aka kafa tun 1973, wanda ke ware wani ɗan kuɗi daga kowane ciniki zuwa asusun kare matafiya. Tarayyar Turai ita ma, a dokarta ta 2015, ta wajabta wa mai sayar da irin wannan tafiya ya tanadi lamunin da zai biya mutane idan ya karye.

Mai yawon buɗe ido daga Najeriya ba shi da irin wannan garkuwa. Akwai ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta NANTA, akwai rajistar ƙungiyar IATA ga masu sayar da tikiti, sannan dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta ba mutum damar kai kuka ga hukumar FCCPC, har ta amince masa ya soke ajiyar da ya yi tun da wuri, a cire wani caji mai ma'ana a ba shi sauran. Amma hukuncin da aka samu a kan kamfanin da asusunsa ya bushe ba ya sayen tikitin dawowa gida.

Wani ɓangare na matsalar daga rabon iko yake. Kotun Ƙoli ta yanke a 2013, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa tsara harkar otal da makamantanta hurumin jihohi ne. Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da Shugaba Bola Tinubu ya kafa a 2023 kuma an narkar da ita cikin ma'aikatar al'adu a Oktoban 2024. Sana'ar ta zama ta kowa, babu mai riƙe da ita gaba ɗaya. Duk da haka ba sai an je Ingila neman abin koyi ba, domin Hukumar Alhazai ta NAHCON ta daɗe tana ba kamfanonin Hajji da Umara lasisi tare da karɓar kuɗin ajiya na lamuni a hannunsu. Ana iya faɗaɗa irin wannan sharaɗi zuwa ga duk mai karɓar kuɗin jama'a da sunan kai su hutu waje.

Abokin da ke tsakiya

Kafin a samu wannan doka, nauyin na sauka ne a kan mutum guda, wato abokin da ya kawo shawarar tafiyar. Shi ya nemo kamfanin, ta asusunsa kuɗi suka bi, shi ake kira idan otal ɗin da aka gani a hoto ya sha bamban da wanda aka tarar, ko idan jagora ya cinye rabin yini yana kai mutane shagunan da yake karɓar la'ada. Kunya kan hana abokai neman rasit a hannun juna, sai a yi cinikin biri a sama da miliyoyin Naira. Idan kuma kamfanin ya yi wa mai shiryawar rangwame ko ya ba shi kujera kyauta saboda kawo mutane, kamar yadda aka saba a sana'ar, bai faɗa wa sauran ba, ranar da zancen ya fito abota kan girgiza.

Abin da zai rage wannan ba shi da tsada. Kowane matafiyi ya biya kamfanin kai tsaye ta asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, bayan an duba rajistarsa a hukumar CAC. A rubuta a takarda abin da farashin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, farashin Dalar da aka yi lissafi da shi, da adadin da za a mayar wa wanda aka hana biza. A tuntuɓi otal ɗin a tabbatar an kama ɗakunan, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Kamfanin da ya ƙi amincewa da waɗannan sharuɗɗa, duk arahar farashinsa, ya riga ya nuna wa ayarin inda asara za ta faɗa.