ƘIDIDDIGAR HUKUMA A ƘASAR SIN: ABIN DA BINCIKEN MASANA YA NUNA

Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofis ya san yawancin abin da shugaba ya sani game da ƙasarsa a takarda yake ganinsa. Abin da na ƙasa ya rubuto, shi na sama zai tara ya aika gaba, a kansa kuma za a yanke shawara. To, ƙasar Sin, wadda ƙidayar 1 ga Nuwamba 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 1,400, ta dogara ƙwarai ga irin wannan takarda, domin daga Bejin ake naɗa shugabannin larduna, ba ƙuri'ar talakawa ke kawo su ba. Saboda haka malaman jami'o'i suka daɗe suna binciken tambaya guda: da wane ma'auni ake auna ma'aikaci kafin a ƙara masa girma, kuma mene ne ma'aunin nan yake sa shi ya aikata?

A shekarar 2005 malamai biyu, Li Hongbin da Zhou Li-An, suka buga sakamakon bincikensu a kan shugabannin larduna daga 1979 zuwa 1995. Suka ce wanda arzikin lardinsa ya fi saurin ƙaruwa ya fi kusa da samun ƙarin girma, wanda nasa ya ja baya kuwa ya fi kusa da a sauke shi. Watau an mai da mulkin larduna kamar sukuwar dawaki, kowa yana neman ya tsere wa maƙwabcinsa. Ba dukan masana suka yarda ba. A 2012 Victor Shih da abokan aikinsa biyu suka duba matsayin manyan 'yan Jam'iyyar Kwaminis, suka ce kusanci da manya, da ilimi, da yawan kuɗin harajin da aka tara su suka fi tasiri. Amma ko da wanne ya fi gaskiya, ya isa a ce ma'aikata da yawa sun ɗauka lissafin arziki shi ne tsaninsu, sun kuwa yi aiki bisa ga haka.

Amfanin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne, gama an gina hanyoyi da masana'antu cikin gaggawa. Illarsa ita ce, mai rubuta lissafin shi ne mai cin ladansa. An yi shekaru ana tara abin da larduna suka ce sun samu, sai jimlar ta zarce abin da ofishin ƙididdiga na ƙasa ya lissafa. A 2007 Li Keqiang, wanda ya zama Firayim Minista a 2013, yana shugabancin jam'iyya a lardin Liaoning, ya gaya wa Jakadan Amurka bai amince da lissafin arzikin lardinsa ba, sai dai ya duba wutar lantarkin da aka sha, da kayan da jirgin ƙasa ya ɗauka, da rancen da bankuna suka bayar. A watan Janairu 2017 kuma Gwamnan lardin nan, Chen Qiufa, ya amsa a gaban majalisa cewa an ƙara gishiri a lissafin kuɗin shiga daga 2011 zuwa 2014. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an tsara kasafin kuɗi a kan abin da babu.

Gwamnatin Sin ta nemi magani. A watan Disamba 2013 aka sanar cewa ba za a ƙara auna ma'aikaci da ƙaruwar arziki kaɗai ba, daga lissafin 2019 kuma ofishin ƙididdiga na ƙasa ya karɓi aikin lissafa arzikin larduna. A wajen gurɓatar iska aka kafa na'urori masu aika awonsu kai tsaye zuwa Bejin. Michael Greenstone da abokansa suka duba birane 123, suka buga a 2022 cewa da zarar na'urorin suka fara aiki, ƙurar da ake ba da rahotonta ta tashi da kashi 35 cikin 100, alhali awon tauraron ɗan adam bai nuna iskar ta sāke ba. Ashe dā ragewa ake yi. Ko na'urar ma ba ta tsira ba, domin a 2016 an kama ma'aikata a birnin Xi'an sun toshe bakinta da auduga, aka ɗaure su a 2017.

Sai dai akwai illa ta biyu wadda na'ura ba ta warkarwa. Tun daga 2003 aka fara haɗa tsabtar ruwan koguna da ƙarin girman ma'aikata. Tashar awo kuwa ruwan da ya gangaro mata daga sama kaɗai take iya aunawa. A 2020 He Guojun da Wang Shaoda da Zhang Bing suka nuna cewa masana'antun da ke sama da tasha an matsa musu lamba har dauɗar da suke zubarwa ta gaza ta na ƙasa da tasha da kashi 57 cikin 100, amfanin da suke samu daga jari da ƙwadago kuma ya gaza da kashi 24. Na ƙasa da tasha aka ƙyale su. A nan ba wanda ya rubuta ƙarya, awon daidai yake, amma mutanen da ke shan ruwan gangare ba su shiga lissafin kowa ba.

Masu karatu da ke cika takardun haraji ko rajistar 'yan makaranta za su gane maganar nan ba tare da dogon bayani ba. Abin da binciken ya tabbatar abu biyu ne. Na farko, bai kamata a bar lissafi a hannun wanda girmansa ya rataya a kan lissafin ba, sai da wani awo dabam da za a gwada shi da shi. Na biyu, ko lissafin ya zama gaskiya, ma'aikaci zai karkata ƙoƙarinsa zuwa inda ake aunawa, saboda haka wajibi ne mai tsara doka ya tambayi kansa tun da fari su wane ne ke zaune ƙasa da tashar awo.