A Ruwanda, takarda ta riga adda

Masanan da suka bi diddigin kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994 sun tarar an daɗe ana share fage. Tun mulkin Baljiyam katin ɗan ƙasa ke ɗauke da ƙabilar mutum, rediyon RTLM kuwa ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai. Ran 11 ga Janairu Janar Dallaire ya gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya, amma aka hana shi taɓa maɓoyar makamai. Saboda haka, a ganinmu, rigakafi yana wuyan ma'aikacin da ke riƙe da rajista da hatimi tun kafin a jira sojan waje. Akayesu, wanda kotun Arusha ta kama da wannan laifi a 1998, ai magajin garin Taba ne.