MU DUBA MU GANI: Katanga Ba Sai Da Tubali Ba

Jama'a, zancenmu na wannan mako na katanga ne. A shekarar 1999 hukumar garin Usti nad Labem, a ƙasar Cek, ta gina katanga a kan titi don ta raba gidajen 'yan ƙabilar Roma da na maƙwabtansu. Su Romawa kakanninsu daga Indiya suka taso, sun yi ɗaruruwan shekaru a Turai, amma har yau da yawansu a bayan gari ake ajiye su. Duniya ta yi ca, aka rushe katangar kafin shekarar ta ƙare.

To, amma laifi tudu ne. Kafin mu hango na Turawa, sai mu dubi wanda muke takawa.

Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni a Abuja, birnin kowa da kowa. Amma ba daji aka tarar ba. Akwai Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, da Gade da Koro da Gwandara, da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Aka kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse, cikin Jihar Neja, na Maitama kuma zuwa Kubwa. Sunayen ƙauyukan sun zauna a unguwannin manya, masu sunan an kai su gefe.

Talaka baƙo shi ma bai tsira ba. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya tura dubban mutane Mararaba da Masaka, tsadar haya kuwa ta ƙara tura wasu har Uke, kan hanyar Keffi. Mai shakka ya tsaya bakin titi a Uke da asubahin fari, ya ga birkila da masinja da mai gadi suna kokawar shiga mota. Birnin yana son guminsu da rana, ba ya son kwanansu da dare. Ashe nisa da kuɗin mota ma katanga ne.

Roƙonmu ga Ministan Abuja shi ne a keɓe filaye cikin birni don gidajen masu ƙaramin ƙarfi, duk ƙauyen da za a tayar kuma a ba shi gona da ruwa da makaranta tukuna. Wanda aka gina birni a kan gonarsa bai cancanci ya zama baƙo a cikinsa ba.

Allah ya sa mu gane. Sai mako mai zuwa.