Ƙarin Ɗaki Ko Ɗora Bene: Wa Za a Damƙa wa Zanen?

A unguwannin Kano irin su Fagge, Gwammaja da Kurna, gida ba ya gama ginuwa. Yaro ya isa aure, a datsi tsakar gida a fitar masa da ciki da falo. In fili ya ƙare, sai ido ya koma sama, a shiga maganar bene. Daga nan maigida ke fara lissafi: ya nemi akitek mai rajista, ko ya kira matashin nan da ya gama Poli, wanda zai zana masa komai a kwamfuta kan kuɗi kaɗan? Da yawa ma ba sa neman kowa. Birkila ne zai ja layi da ƙafa a ƙasa, a kama haƙa.

Akitek sai ya yi digiri, ya ƙara da na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, ya ci jarrabawa, kafin hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ta ba shi rajista da hatimi. Shi kuwa mai zanen da ya fito daga Poli ta Kaduna ko ta Kano da difloma, gwani ne a awo da fitar da zane dalla-dalla. A ofisoshin akitek da dama ma, shi ne ke kwana a gaban kwamfuta.

Saboda haka raina shi kuskure ne. In ɗaki ɗaya ne da banɗaki a ƙasa, rufin kwano, ba za a taɓa bangon da ke ɗauke da nauyi ba, mai difloma da ya san aikinsa ya isa. Zai daidaita ƙofa da taga, ya nuna inda sokawe zai zauna, ya ƙiyasta bulo da buhunan siminti yadda birkila ba zai yi wa maigida ƙari ba.

Kuɗin akitek yana fita ne inda fili ya matse. Sabon ɗaki kan toshe tagar tsohon, ɗakin uwargida ya koma duhu da rana tsaka, a watan Afrilu kuma, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ya gagari kwana. Indararo kan juya ya riƙa zuba a katangar maƙwabci. Tagar bene kan leƙa tsakar gidan mutane, matan gidan su kasa sakewa ko wajen shanya, rigimar da kan kai har gaban mai unguwa. Hango irin waɗannan kafin a aza bulo na farko shi ne abin da akitek ya yi shekaru yana koyo, kuma goge layi a takarda ya fi rushe bango araha nesa ba kusa ba.

Amma da zarar an ambaci bene, akwai mutum na uku da ba a cika tunawa da shi ba: injiniyan gini mai rajistar COREN. Kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ke nan dakin, wato rufin kankare, na ɗaki ƙafa 12 da 12 kaɗai ya doshi tan biyar, ban da bulon sama, rufi, tankin ruwa da mutane. Tsohon gidan kuwa sau da yawa da bulo inci shida aka tashe shi, fandishonsa bai kai ƙugu ba, babu ginshiƙi ko ɗaya, don wanda ya gina shi kwano kawai ya yi niyyar ɗora masa. Ko harsashin zai ɗauka, rodi mai 12 za a sa ko mai 16, ba akitek ke yanke hukunci ba, balle mai zane. Injiniya ne zai sa a haƙa gefen bango, ya ga abin da ke ƙasa da idonsa, ya yi lissafi.

Gine-ginen da ke kashe mutane a Arewa ba dogaye ba ne. Benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano a Agustan 2022 ana cikin gininsa ne. Makarantar Saint Academy ta Busa Buji a Jos, da ta faɗi ranar 12 ga Yulin 2024 ta hallaka mutum 22, yawancinsu ɗalibai, ba ta fi benayen da ake gani a lunguna tsawo ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi rashin zane muni. Hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna kan nemi zane mai hatimin ƙwararru kafin su ba da izinin gini, sai wasu su zana a gida, su biya wani mai rajista ya buga hatimi alhali bai taɓa taka filin ba. Takarda ta cika, harsashi yana nan yadda yake. Maigidan da zai ɗora bene ya dace ya saka a yarjejeniya cewa injiniyan zai zo da kansa ranar zuba dakin, ya ƙirga rodi kafin kankare ya rufe shi, kuma kada a cire katakon tallafi sai da izininsa, ko da kafinta yana gaggawar kai shi wani aikin.